Ni Na Ɗinka Jakar

Ku 'ya'yan Sanusi nake yi wa wagga magana, musamman kai Aminu, don kai ne babba, kuma da ƙyallen sunanka abin ya faru. Na ji abin da ake gaya muku a Kaura. An ce kakarku ta yi fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba, ta tattara ta koma Shinkafi wurin ɗiyarta. Wasu ma sun ce korata anka yi don ina ɗinka wa mutanen daji jaka. Ban yi boko ba, ban iya riƙe biro ba, amma bakina lafiya lau yake, idona kuma bai taɓa barci a kan abin da ke faruwa cikin gidana ba. Gwaggonku Hadiza ce ke rubutawa, na kuma gaya mata kada ta tausasa mini ko kalma guda, ko da ta ji ta yi wa yayanta zafi.

Shekarar da zama ya gagara a Gurbin Bore saboda 'yan bindigar daji, kakanku ya riga ya rasu, ni kaɗai ce a gidan da awakina. Ranar da munka fito kowa ya ɗauki abin da ya fi so. Wata ta ɗauki tukunya, wata ta ɗauki katifa, ni na kwance kan keken ɗinkina na naɗe shi a zane na aza a ka. Keken hannu ne, baƙi, da awakin da na kiwata da kaina na saye shi tun ubanku yana rarrafe. Da shi na ɗinka masa rigar kaciya, da shi na ɗinka wa Hadiza kayan aure. Har munka isa Zurmi wuyana ya sage, mata na cewa in yar da ƙarfen nan, ban ko dube su ba. Daga can mota ta kawo mu Kaura. Ubanku ya karɓe ni da kyau, ba zan ci haƙƙinsa a nan ba. Yana da shago a kasuwa, yana sayar da shinkafa da taliya da sukari da sabulu, ya ba ni ɗakin da ke kusa da zaure, uwarku Rabi kuma ba ta taɓa ajiye mini tuwo da hannu ɗaya ba.

Jakar ta samo asali ne daga leda. Wata rana na sayo tumatir da tattasai da ɗan nama, ina fitowa bakin kasuwa ledar ta yage, komai ya watse a ƙasa, wani mai mashin ya bi ta kan tumatirin. Ina duƙe ina tsinta, wani mai shayi ya ce da abokinsa, yadda zan ji, 'yan gudun hijira sun cika gari, ko leda ba su iya riƙewa ba. Na tsince kayana a bakin zane, na koma gida a fusace, ko ruwa ban sha ba na jawo keke.

Ina da tsohuwar shadda mai launin toka ta kakanku, da guntun atamfa. Na yanka su daidai da juna, kowanne na ɗinke shi jaka mai zaman kanta, na tsuke kusurwoyin gindin don ta zauna in an ajiye ta. Na yi hannuwa masu kauri, na bi su da ɗinki har sai da sunka yi tauri. Sannan na zura jaka ɗaya cikin ɗaya, kyakkyawan gefe na kallon kyakkyawan gefe, na cusa hannuwan tsakaninsu, na zagaye bakin da ɗinki, na bar 'yar ƙofa kamar faɗin tafin hannu. Ta wagga ƙofa ake jawo komai waje, kamar ana fiɗar akuya. In ka juyo ta, duk ɗinkin ya ɓuya a tsakiya, sai ka rufe ƙofar da allura, ka danne da dutsen guga. Ta fito jaka wadda ba ta da baya. Ka so toka, ka so atamfa. In jinin nama ya taɓa gefe ɗaya, ka juya, ka isa gida da mutuncinka, ka wanke.

Rabi ce ta fara ɗaukarta zuwa kasuwa, kafin wata ya zagayo mata sun fara sallama a ƙofar ɗakina. Matan gari don ado suke so. Matan ƙauye kuwa, na wajen Zurmi da Kurya Madaro, su sunka koya mini amfanin abin da na ɗinka da hannuna. Sun ce a hanya ba a son abin da ke ɗaukar ido. Mace in ta riƙo jaka mai sheƙi, kowa ya san ta yi sayayya, kuma ba ka san wa ke zaune kusa da kai a mota ba, ko wa zai buga wa waya. Sai su juya gefen duhu a hanya, in sun shigo gari zuwa biki ko dubiya a asibiti su juyo atamfar. Cikinsu akwai wata Dije, mace mai yawan dariya, takan shigo daga wani ƙauye a bayan Kurya Madaro. A shagon ubanku take sayayya, in ta gama ta biyo ta gaishe ni ta sha ruwa. Ita ma na ɗinka mata.

A wannan shekarar anka haife ka, Aminu. Ubanka ya fitar da anko na suna, atamfa kore mai zanen mafici ruwan ɗorawa. Ni na ɗinka wa duk matan gidan da na dangi, guntayen da sunka rage sunka cika mini kwando, da su na riƙa yi wa jakunkuna gefen ado. Bayan katangarmu kuma akwai Indo, wadda har yau kuke wucewa ta ƙofarta. Ita ma gudu ya kawo ta, da 'ya'yanta ƙanana. Mijinta Bafulatani ne, an kashe shi a hanyar gona, shanunsa kuma mutanen daji sunka kore. Amma a unguwar ba wanda ke tuna wannan, abin da ake tunawa kawai shi ne 'ya'yanta jinin Fulani ne. Tana ɗan taɓa ɗinki da keken aro. Da na ga ba ta da halin sayen ankon, kuma ba na son ta zo suna ita kaɗai daban, na saya mata na kai mata da hannuna. Ku riƙe wannan, ni na ba ta.

Sai lokaci ya zo da anka matsa wa masu kai kaya ƙauye. An ce akwai matan da ke yi wa mutanen daji sayayya, 'yan sintirin unguwa sunka fara buɗe kayan kowa a tasha. Wata rana da hantsi sunka tsare Dije. An samu burodi da sukari da sigari da ƙwayoyin magani a jakarta, fiye da abin da gida ɗaya zai ci. Ko tilasta ta anka yi, ko son ranta ne, Allah ne masani, ni ban sani ba har yau. Da sunka zazzage jakar sunka juya ta, sai ga kore mai mafici. Ɗaya daga cikinsu matarsa ta sa ankon nan ranar sunanka. Daga tasha shagon ubanku sunka nufa.

Da azahar ubanku ya shigo gida, abin da bai saba ba. Ina zaune a ƙofar ɗaki ina lanƙwasa bakin wata jaka, Rabi na daka. Ya tsaya a kaina, ko gaisuwa babu.

"Inna, ki tashi ki ɓoye ƙyallayen nan. Duk."

Na ce, "Sallamar ta faɗi a hanya ne?"

"Inna, ba lokacin wanga ba ne. An kama Dije da kayan mutanen daji cikin jakarki. Ana nemanmu zauren mai unguwa bayan la'asar."

"To, mu tahi mana."

"In an tambaye ki, ki ce ba ki san jakar ba."

Na ajiye allurar. Na ce, "Mi ka ce?"

"Ba mu kaɗai munka yi ankon nan ba. Kuma ba ke kaɗai ke ɗinki a layin nan ba."

Taɓaryar Rabi ta tsaya. A layinmu mu biyu ne ke ɗinki, ni da Indo. Na dube shi tun daga hula har takalmi, yaron da na goya har bayana ya yi kanta, na ji kamar an zuba mini garwashi a ƙirji.

Na ce, "Sanusi, faɗi sunanta in ji. Kada ka kewaya."

"Ni ban ambaci kowa ba. Inna, shagona ne, 'ya'yana ne. Kin san abin da ake yi wa wanda anka ce yana da hannu? Ita ba ta da abin da za ta rasa."

"Ba ta da mi?"

Ya juya ya ce da uwarku ta kwashe kwandon ta kai ɗakinta. Rabi ta dube ni, ta dube shi, ta ci gaba da dakanta. Wannan ma ku riƙe shi, uwarku ba ta taɓa kwandon ba.

Bayan la'asar na yafa mayafi, na ɗauki jakata ta zuwa kasuwa, wadda ita ma gefenta ɗaya koren nan ne, na juyo shi waje, na rataya. Ubanku na gaba ina baya. Zauren a cike yake, maza a kan tabarmi, 'yan sintiri a tsaye da sandunansu, matasa na leƙe ta taga. Jakar Dije na shimfiɗe a tsakiya. Ina shiga idona ya sauka a kan Indo. Tana durƙushe a lungu da goyo a bayanta, mayafinta ya zame ba ta ma sani ba. Wato tun a shago ubanku ya riga ya faɗi sunanta. Ya shigo gida ya dube ni cikin ido ya ce bai ambaci kowa ba, alhali an riga an aika a kira ta. Duk abin da ya biyo baya, wanga ne ya fi yi mini ciwo.

Mai unguwa dattijo ne, ba shi da garaje. Ya gaishe ni ya ce, "Inna Kulu, an ce a gidanku anka fitar da atamfar nan, amma an ce akwai wadda ke ɗinka irin jakar ga a bayan gidanku. Mi kika sani?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a sallami yarinyar nan ta tahi ta shayar da ɗanta. Ni na ɗinka jakar."

Na ji ubanku ya ce, "Inna!"

"Ka rufe mini baki. Ba da kai nake ba." Na sauke tawa jakar na ajiye kusa da ta Dije. "Ga 'yar'uwarta. Keke ɗaya, zare ɗaya, hannu ɗaya. Indo ba ta taɓa ɗinka jaka ba, ankon da kuke magana kuma ni na ba ta, yana nan rigarsa da zanensa, ba ta yanki ko ƙyalle ba."

Wani ɗan sintiri, yaro da bai kai ubanku ba, ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Tsohuwa, kin san wa kike yi wa aiki? Don mi jakar ke juyawa in ba don ɓoyo ba?"

Na ce, "Ɗana, ka tambayi matarka, ita ma tana da guda. Ta ce in sa mata shuɗi a ɗaya gefen."

Wasu sunka yi dariya ta taga, amma ni ba wasa na zo yi ba, shi ma bai yi dariya ba. Ya ce to a faɗa musu inda Dije ke sayen kayan. Ubanku na tsaye a gefena, ina jin numfashinsa. Na san sukarin nan, na san ɗaurin ledar nan, na san daga shagon da take fitowa kafin ta biyo ta sha ruwa a ɗakina. Ubanku bai yi laifi ba, ɗan kasuwa ne, wanda ya zo ya miƙa masa. Amma a wannan zauren, a wannan yinin, ba wanda zai tsaya ya bambance.

Na ce, "Ni jaka nake ɗinkawa. Ba na bin mace in ga inda take cika ta."

Ban faɗa a zauren ba. Shekarun nan duka ban faɗa wa kowa ba, sai yau. Ku sani, a lokacin da ubanku yake neman aza wa matar mamaci da marayunta kayan da ba nata ba, a lokacin nan ni na rufa masa asiri.

Mai unguwa ya sallami Indo. Ya ce ni kuma in dakata da ɗinkin jakar har ƙura ta lafa, ya ce magana ta ƙare. Da a nan ta tsaya, da yau ina Kaura ina yi muku faɗa a kan wanka. Amma ina gyara mayafi na waiga ban ga ubanku ba. Jim kaɗan sai ga shi ya shigo, rungume da kekena, ya dire shi gaban mai unguwa a kan ƙasa, ko tabarma bai nema masa ba.

"Ranka ya daɗe, ga shi. A riƙe shi nan, don kowa ya shaida gidana ba ruwansa."

Mai unguwa ya ce, "Sanusi, ba wanda ya nemi wanga."

"Na sani. Ni na kawo."

Ba su nema ba, shi ya ɗauko. Ya shiga ɗakin uwarsa ba izini, ya ɗauki abin da ta ɗauko a ka tun daga Gurbin Bore, ya kai shi zaure kamar kayan sata, a gaban matasan da ke leƙe ta taga. Da wannan ya gaya wa unguwa cewa uwarsa mai laifi ce, shi ne ya kama ta. Daga ranar matan da ke cika ƙofata sunka ɗauke ƙafa. In na fito, yara su ce ga mai jakar ɓarayi. Ba mai unguwa ya sa mini sunan ba, ba 'yan sintiri ba. Ɗana ne ya sa mini shi da hannunsa.

Na zauna a gidan ina kallonsa. Ina jira in ga ko zai shigo ɗakina ya durƙusa, ko zai zagaya bayan katanga ya yi sallama da Indo. Sai dai ya aiko mini da tsire, ya aiko da lemo, ya tsaya a ƙofa ya ce, "Inna, kin tashi lahiya?" kamar ba abin da ya faru. Da na taɓo maganar sai ya ce, "Inna, ai komi ya wuce, shago na nan, kowa na lahiya." A wurinsa ya yi dabara, ya tsirar da gida. Ni kuwa ba zan iya cin tuwon da anka tsirar ta wagga hanya ba.

Da na ga Juma'a ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, na tafi gidan mai unguwa da kaina. Keken na lungun zaure, kaji sun hau shi, ƙura ta shiga ko'ina. Na ce na zo ɗaukar kayana. Dattijon ya ce, "Inna Kulu, dama ni ban riƙe shi ba." Na kira mai baro ya kai mini tasha. Na koma gida na ƙulle tufafina, na juye kwandon ƙyallayen a buhu. Rabi na kuka tana riƙe mini zane, kai kuma Aminu kana bayanta kana barci. Na shafa kanka. Ban biya ta shago ba. Na biya ta wurin Indo, ta kama hannuna tana godiya, na ce ta daina, ba alheri na yi mata ba, gaskiya kawai na faɗa. Daga nan na shiga motar Shinkafi, keke a kan cinyata.

Kada ku ɗauka ban biya komai ba. Ban ga ranar da ka fara tafiya ba, Aminu. Ƙannenka biyu a waya na ji kukansu na farko. Ina zaune gidan suruki, abin da a da nake cewa ko a mafarki ba zan yi ba, ko da yake mijin Hadiza mutumin kirki ne. Akwai safiyar da nake tashi in ji kamar in ɗauki mayafi in tafi tasha. Sai in tuna Indo a durƙushe a lungun zauren nan da goyo a baya, in koma in zauna. Na wanke keken da kananzir, na sa masa mai, yana aiki. Matan Shinkafi da na ƙauyukan bakin iyaka na zuwa, ina ɗinka musu, ba na tambayar kowa abin da za ta zuba.

Ubanku ya zo sau ɗaya, da abokansa, wai a ba ni haƙuri. Na ce ya sallami abokan, ba taron siyasa ba ne. Da munka rage mu biyu na ce masa ni uwa ce, nawa mai sauƙi ne, ko bai roƙa ba wata rana zan yafe. Amma ya fara zuwa ƙofar Indo, da rana, mutanen layi na gani, ya ce mata shi ya faɗi sunanta kuma ƙarya ya yi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ya zan yi in tsaya gaban mace in faɗi haka? Mi mutane za su ce?" Na ce to ya tashi, rana na yi, hanya ba ta da kyau da yamma.

Tun daga nan kowace Sallah yana aiko mini da shinkafa da taliya da sukari. Kun san inda suke ƙarewa, don kun sha gani. Nakan ɗinka sabuwar jaka, in juyo koren waje, in cika ta da kayansa, in ba direban Kaura ya sauke a ƙofar Indo, a wuce da ita ta gaban gidanku. In kuna tambayar kanku dalili, yau kun ji. In kun wuce ƙofarta ku gaishe ta da kyau, ku ce mata Gwaggo.

Jiya na zazzage buhun. Ƙyallen ankon da ya rage bai fi na jaka ɗaya ba, na auna shi da hannuna. Aminu, kai ne babba, kai za ka karanta wa ubanka wannan, a zaune, ba a shago ba. Ka gaya masa koren ya kusa ƙarewa, ni ma haka, ƙofar Indo kuma tana nan bayan katangarsa inda ya bar ta.